Kaya Bakwai a Kan Sosej Ɗaya: Yadda Shikago Ta Hana Kecop Hawa Burodinta

Duk wanda ya saba sayen shawarma a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda ake haɗa ta. Mai shago zai shimfiɗa burodin, ya zuba kabeji da nama, ya ɗora sosej ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗinka, sannan ya ɗauko robar nan ta mayonis da kecop da aka gauraya, ya yi ta malalawa har sai komai ya nutse. In ka gatsa, zaƙi da maiƙo ne za su tarbe ka, su ne kuma za su raka ka har lomar ƙarshe. Ko sosej ɗin na kaza ne ko na sa, ko mai kyau ne ko wanda ya kwana biyu a firji, harshenka ba zai iya ba da shaida ba. Abin yana damuna, domin nama ne mafi tsada a cikin naɗin, shi ne kuma aka fi zalunta.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan ita ce: in an sa sosej ko boga a cikin burodi, me ya dace a ɗora a kai, kuma don me? Akwai birni guda da ya ɗauki tambayar da gaske har ta zama masa abin alfahari da abin faɗa, wato Shikago, a jihar Ilinoi ta Amurka. Hotdog ɗinsu, wato sosej a cikin dogon burodi, yana da ƙa'ida kamar ta girkin gado. Na zaɓi in bi diddiginsa ne saboda kusan kowane abu da ke kansa yana da dalili, kuma dalilan suna aiki a kowane kicin.

Abin da ke cikin burodin

Sosej ɗin na naman sa ne zalla, yawanci a cikin siririn hanjin tunkiya, wanda ke sa ka ji ya yi ƙas in haƙori ya fasa shi. Ana ɗumama shi a ruwan zafi ko a tururi, ba a bari ruwan ya yi ta tafarfasa har fatar ta tsage. In an gasa shi a kan garwashi, suna ba shi wani suna daban. Burodin dogo ne mai laushi, an barbaɗe bayansa da wasu 'ya'yan tsiro baƙaƙe da suka fi riɗi ƙanƙanta, 'ya'yan furen fofi, shi ma turara shi ake yi har ya yi taushi.

Sai kaya bakwai. Mastad mai launin ɗorawa, wata miya mai kauri da kaifi da ake yi da niƙaƙƙun 'ya'yan tsiro. Yankakkiyar farar albasa ɗanya. Niƙaƙƙiyar kokwamba da aka tsuma da sukari da ruwan khal, mai wani irin kore shar da ke ɗaukar ido. Tumatir yanka biyu. Dogon tsagin kokwamba da ya tsumu a ruwan gishiri da tafarnuwa da ganyen ƙamshi. Ƙananan barkono guda biyu, koraye, da aka jiƙa a ruwan khal, ana sa su sukutum ba a yankawa. A ƙarshe a barbaɗa gishirin da aka niƙa da 'ya'yan seleri, wani ganyen miya mai ƙamshi. Mutanen garin kan ce an ja sosej ɗin ta cikin lambu, don kusan ba ka hango naman saboda kayan lambun da ke kansa.

Kecop ba ya ciki. Wasu shaguna suna ajiye robarsa a gefe don masu soyayyen dankali, in ka ga dama ka matsa da hannunka, amma mai shagon ba zai zuba maka ba. Wasu ko ajiye shi ba sa yi.

Yadda talauci ya haɗa shi

A ƙarni na 19 Shikago ce mahautar Amurka. An buɗe babbar karar dabbobi ta Union Stock Yards a 1865, jiragen ƙasa suna kwaso shanu da aladu daga yammacin ƙasar, ana yankawa ana rarrabawa gabas, ba a rufe ta ba sai a 1971. Inda ake yanka da yawa, guntattakin nama ba ya yankewa, kuma Jamusawan da suka cika garin sun zo da sana'ar sosej daga gida. Amma sosej mai arha ya yi ƙaurin suna a lokacin, don ba wanda ya san abin da ake niƙawa a ciki. Ƙazantar mahautan ta kai ga gwamnatin tarayya ta kafa dokar duba nama a 1906.

A nan ne Yahudawa 'yan ci-rani suka samu kasuwa. Addininsu ya hana su naman alade, don haka sosej ɗinsu na sa ne, mutane kuma suka fi amincewa da shi. Wasu biyu da suka fito daga daular Ostiriya da Hangari, Emil Reichel da Sam Ladany, sun sayar da nasu a babban bikin baje koli na duniya da aka yi a Shikago a 1893. Daga nan kamfanin Vienna Beef ya samo asali, shi ne har yau ke ba mafi yawan rumfunan garin sosej. Burodi mai 'ya'yan fofi kuwa ana danganta shi da gidan burodin Sam Rosen, Bayahude daga Folan, wanda ya buɗe a garin a 1909.

Duk wannan nama ne da burodi kawai. Kayan lambun sun hau ne bayan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a watan Oktoban 1929. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki. A titin Maxwell, kasuwar talakawa da baƙi inda ake sayar da komai daga gwanjo har kayan miya, masu tura amalanken kayan lambu suka ga cewa mai yunwa da ke riƙe da senti 5 ba ya neman abin marmari, abin da zai riƙe masa ciki yake nema. Nama na da tsada, albasa da tumatir da kokwamba kuwa ga su nan jibge a kan amalanke, wasu ma in ba a sayar ba yau, gobe sai bola. Sai aka riƙa tula su a kan sosej guda. Shagon Fluky's, wanda Abe Drexler ya fara a 1929, yana cikin waɗanda ke iƙirarin su suka fara wannan haɗi, suna sayar da shi a kan senti 5 har da soyayyen dankali, ana kiransa sanwicin zamanin fatara.

Masu tarihin abinci sukan karanta burodin nan kamar taswirar unguwa: sosej da mastad na Jamusawa, tsumammiyar kokwamba da burodin na Yahudawan gabashin Turai, tumatir da albasa daga Girkawa da Italiyawa da suka riƙe sana'ar kayan lambu. Ba wani gwanin girki da ya zauna ya tsara shi. Dubban masu saye ne suka tace shi shekara da shekaru, abin da ya yi daɗi ya zauna, abin da bai yi ba ya faɗi. Latas, alal misali, yana cikin haɗin farko, amma a yawancin rumfuna ya ɓace, kuma ban yi mamaki ba, don latas a kan abu mai tururi yaushi yake yi nan take, ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Aikin kowannensu

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan na fi son a tsaya.

Ka fara tambayar abin da sosej ya riga ya zo da shi. Yana da kitse, dokar Amurka ta yarda ya kai kashi 30 cikin 100 na nauyinsa. Yana da gishiri sosai. An riga an sa masa tafarnuwa da jan tattasai da sauran kayan ƙamshi, an kuma bi shi da hayaƙi. An niƙa naman lukui, don haka laushi ne daga farko har ƙarshe, ga burodin shi ma laushi. To, me ya rasa? Ya rasa tsami da zai yanke maiƙon. Ya rasa abin da zai yi garas-garas a baki. Ya rasa sanyi da ruwa-ruwa na ɗanyen abu. Ya rasa yaji mai cizo. Ka dubi kaya bakwai ɗin nan, za ka ga kowanne ya zo cike ɗaya daga cikin guraben.

Mastad yana kawo tsami da wani kaifi mai hawa hanci, kuma kusan ba shi da sukari. Launinsa daga kurkum yake, kuma irin wannan mai laushin yaji kamfanin French's ne ya fito da shi a 1904. Ɗanyar albasa tana kawo garas da ɗan zafi. Tsagin kokwamba shi ne babban mai yanke maiƙo, shi ne kuma ke ba haƙori aikin yi. Tumatir na kawo sanyi da ruwa, yana sassauta gishirin da ya taru. Barkonon nan biyu, da yake ba a yanka su, ba sa game ko'ina da yaji. Sai ka yi loma biyu lafiya, a ta uku ɗaya ya fashe maka a baki da ruwan tsaminsa. Wannan dabara ce mai kyau, don abincin da kowace lomarsa iri ɗaya ce yana saurin gundura. Niƙaƙƙiyar kokwamba mai sukari ita kaɗai ce mai zaƙi a cikin taron, kuma cokali guda ake sawa. Gishirin seleri yana da ɗan ɗaci da ƙamshin ganye, yana tashin ɗanɗanon tumatir musamman a lokacin sanyi da tumatir ke zama lami.

Mu ba baƙi ba ne a wannan lissafi. Mai tsire bai taɓa karanta littafin girki ba, amma in ya yanka maka nama mai kitse sai ya bi shi da ɗanyar albasa da tumatir da kabeji, ya barbaɗa yaji. Mai gurasa a Kano in zai yi maka bandashe, bayan ƙuli-ƙuli da mai sai ya kawo albasa da tumatir da kokwamba. Ba wanda zai ce a zuba wa tsire sukari. Hankalin da ya haɗa tsire da albasa shi ne ya haɗa sosej ɗin Shikago da nasa kayan, kowa a kasuwarsa.

Jerin ɗorawar ma ba a yi shi da ka ba. Masu sana'ar suna cewa sosej ake yi wa ado, ba burodi ba. In ka shafe cikin burodin da abu mai ruwa, kafin ka kai rabi ya jiƙe ya rabe, kaya su zube maka a cinya. Don haka mastad yana bin bayan sosej ɗin, sai niƙaƙƙiyar kokwamba, sai albasa ta manne a kansu. Tumatir ana cusa shi a gefe guda tsakanin nama da burodi, tsagin kokwamba a ɗaya gefen, su zama kamar katanga biyu. Barkono a sama, gishiri a ƙarshe. Masu ruwa a ƙasa, manya a gefe, busasshe a sama. Mutumin da ke tsaye a bakin titi cikin sanyin Shikago, da hannu ɗaya yake ci, dole abin ya riƙe kansa.

Abu ɗaya ne a ciki ban ga amfaninsa ba, shi ne koren nan mai ƙyalli. Shuɗin launin abinci ake ƙarawa don ya fito haka, bai ƙara komai a ɗanɗano ba. Mutanen garin sun saba da shi har in babu sai su ga kamar an rage musu wani abu, amma ido kawai yake ciyarwa.

Laifin kecop

Cokalin cin abinci ɗaya na kecop yana ɗauke da sukari kimanin giram 4, wato cikin ƙaramin cokalin shayi, kusan rubu'in nauyinsa ke nan. Sauran tumatir ne da aka dafa ya yi kauri, da ruwan khal, da gishiri. Yanzu ka koma kan burodin Shikago. Tumatir yana nan, ɗanye ma. Tsami yana nan ta hanya uku. Zaƙi yana nan a niƙaƙƙiyar kokwamba. Gishiri ya isa har ya yi yawa. Babu abu ɗaya da kecop zai kawo wanda ba a riga an kawo ba, kuma da yake yana da kauri da zaƙi, sai ya lulluɓe sauran, ya danne tafarnuwa da hayaƙin da mai sosej ya ɓata lokaci yana sawa. Wannan ita ce hujjar, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi.

Sai dai abin ya wuce hujja ya zama alamar ɗan gari. Shagon Gene & Jude's, wanda ya fara a 1946 kuma yanzu yake River Grove a gefen birnin, ya yi suna da cewa ba shi da kujeru, ba shi da kecop, ko don dankali. Barack Obama, wanda ya yi siyasarsa a Shikago kafin ya zama shugaban ƙasa, da Anthony Bourdain, mai shirin abinci a talabijin, ya tambaye shi a Hanoi ta ƙasar Biyetnam a 2016, ya ce bai dace wanda ya wuce shekara 8 ya sa kecop a hotdog ba. Ƙungiyar masu sana'ar sosej ta Amurka ta ɗan sassauta, ta ce shekara 18. Kamfanin Heinz, wanda ke yin kecop tun 1876, ya gwada wata dabarar talla a 2017: ya zuba kecop ɗinsa a kwalba mai sabon suna, ya kira shi miyar hotdog ta Shikago, ya ba mutanen garin su ɗanɗana. Da asiri ya tonu, da yawa sun ɗauke shi cin fuska.

A nan nake rabuwa da masu zafin ra'ayin. Dokar ta yi daidai a kan wannan haɗin, da waɗannan kaya bakwai. Ba ta zama doka a kan kowane sosej na duniya ba. A Balin ta ƙasar Jamus, a 1949, wata mata mai suna Herta Heuwer ta fara sayar da soyayyen sosej da miyar tumatir mai zaƙi da garin kori, kuma har yau yana cikin abincin titi da Jamusawa suka fi so. A can babu wani abu a kai da ke kawo zaƙi ko tsami, don haka miyar ce ke yin aikin. A Niyok ana sa tsumammen kabeji da mastad mai duhu da albasa da aka dafa a miyar tumatir. A ƙasar Cile ana tula fiya da tumatir da mayonis. Kowanne ya zaɓi abu ɗaya ko biyu su ja gaba.

Ko a cikin Shikago bakwai ɗin ba wahayi ba ne. Gene & Jude's huɗu kawai suke sawa, mastad da niƙaƙƙiyar kokwamba da albasa da barkono, sai su tula soyayyen dankali a kai su naɗe a takarda. Superdawg, da Maurie da Flaurie Berman suka buɗe a 1948, tsumammen koren tumatir suke sawa a maimakon ja. Akwai kuma sosej ɗin 'yan Folan na titin Maxwell, wanda ake dangantawa da Jimmy Stefanovic da ya karɓi rumfa a wurin a 1939. Shi ya fi kauri, ya fi tafarnuwa, soya shi ake yi, kuma abin da ake ɗora masa uku ne: albasa da aka soya har ta yi ja ta yi zaƙi, mastad, barkono. Sosej mai ƙarfin ɗanɗano ba ya son taro. Amma mai karatu Musulmi ya kula, wannan na ƙarshe akwai naman alade a cikinsa. Shi ma na sa zalla ɗin, kasancewarsa na sa ba ya nufin an yi yankan Musulunci, sai an duba tambarin halal a jikin leda.

In aka koma kan boga

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka abin da ya dace da sosej shi ya dace da boga. Halinsu ba ɗaya ba ne. Sosej ya zo da kayan ƙamshinsa a ciki. Boga ta asali niƙaƙƙen naman sa ce kawai da gishiri da masoro, yawanci kashi 80 tsoka kashi 20 kitse, ɗanɗanonta daga ƙonon da ta yi a kan ƙarfe mai zafi yake fitowa. Tana kuma tsiyayar romo, abin da sosej ba ya yi sai an fasa shi. Saboda haka tana da wurin karɓar abu mai zaƙi-zaƙi da tsami irin kecop, tana kuma buƙatar abin da zai kare burodin ƙasa daga jiƙewa. Shi ya sa ake gasa cikin burodin, ake shafa masa mayonis ko man shanu, ake sa latas a ƙarƙashin naman. Cuku kuwa kai-tsaye a kan nama yake hawa tun yana kan wuta, don ya narke ya riƙe abin da za a ɗora.

Ƙaramar bogar McDonald's, wadda aka sayar da biliyoyinta, abu huɗu ne a kanta: kecop, mastad, albasa, tsumammiyar kokwamba. Zaƙi, kaifi, garas, tsami, ba maimaici. Gidan boga na White Castle, da ya fara a garin Wichita a 1921 yana sayar da boga a senti 5, albasa da yankin kokwamba ya dogara da su. A garin El Reno na jihar Okalahoma, irin talaucin da ya tula kayan lambu a kan sosej ɗin Shikago shi ya haifar da bogar albasa: a yanka albasa siriri kamar takarda, a tula a kan ɗan dunƙulen nama, a danne su tare a kan ƙarfe har albasar ta soyu a cikin kitsen. An yi don a rage nama, sai ya zama ta fi daɗi, kuma mastad da kokwamba kawai take nema.

Akwai ma gidan boga da ya ƙi kecop kamar Shikago. Louis' Lunch a New Haven, jihar Konetikat, wanda ke cewa mai shi, Louis Lassen, ya fara sayar da boga a 1900, har yau a tsakanin gasasshen burodi yanka biyu yake ba da ita, kuma abu uku kaɗai ya yarda da su: cuku, tumatir, albasa. Hujjarsu ita ce naman sabo ne, kullum ake niƙa shi, ba ya buƙatar mayafi. Na fahimce su, ko da yake ni zan so ɗan tsami a kai, don cuku da nama maiƙo ne a kan maiƙo, tumatir shi kaɗai ba ya iya yanke su.

Inda nake ganin an fi ɓata boga a yau shi ne gasar tsayi. A ɗora nama biyu, ƙwai, cuku, sosej, soyayyar albasa, miya iri uku, a soke da tsinke don kar ta faɗi. Tana kyau a hoto. Amma ƙwai da cuku da mayonis duk aiki ɗaya suke yi, wato ƙara maiƙo, kuma abin da baki ba zai iya haɗa samansa da ƙasansa a loma ɗaya ba, an rasa dalilin sa shi cikin burodi tun farko.

Ɗanyen kaya yana da nasa hatsarin

Tunda duk wannan magana yabon ɗanyar albasa da tumatir ce, wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Nama yana bi ta wuta, kuma niƙaƙƙen naman sa in cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyos ƙwayoyin cuta sun mutu. Kayan da ake ɗorawa ba sa ganin wuta ko kaɗan. A watan Oktoban 2024 cutar da ƙwayar E. coli ke jawowa ta ɓarke a Amurka tsakanin waɗanda suka ci wata bogar McDonald's, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 104 a jihohi 14, ɗaya ya rasu. Da aka bi sawu, yankakkiyar ɗanyar albasa aka fi zargi, ba naman ba. In haka ta faru a inda ake da firji da masu duba abinci, to mai yanka kabeji da safe ya bar shi a buɗe cikin zafin Afrilu har dare, ko mai yanka tumatir da wuƙar da ya yanka ɗanyen nama, sai ya yi wa kansa faɗa. Mayonis ma ba ya son rana. Ta wannan fuska tsumammun kaya sun fi aminci, don gishiri da ruwan khal suna hana ƙwayoyi yaɗuwa, abin da ya sa tun asali masu amalanke marasa firji suka riƙe su.

Sai gishiri. Sosej, mastad, kokwamba iri biyu, barkono, ga kuma gishirin seleri, duk masu gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 a yini. Hukumar ta kuma sa naman da aka sarrafa irin sosej cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji tun 2015. Mai hawan jini ya san wannan ba abincin kullum ba ne.

Wanda ke son gwadawa a gida

Ba sai an samo 'ya'yan fofi ko koren nan mai ƙyalli ba, guraben kawai za a cike. Abin da ya fi wuyar samu a kasuwanninmu shi ne tsumammiyar kokwamba, kuma ita ce mafi sauƙin yi. A tsaga kokwamba huɗu a tsaye, a kankare 'ya'yan in sun yi yawa. A tafasa kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na farin ruwan khal da cokali ɗaya na gishiri da tafarnuwa 'yar kaɗan, a juye a kanta a cikin kwalba mai tsabta, in ta huce a sa a firji ta kwana. A jefa ƙananan koren barkono a kwalbar, an samu abu biyu ke nan a aiki ɗaya. In ana son mai zaƙin, a daddatsa wani ɓangare ƙanana a gauraya da ɗan sukari.

Sosej ɗin a sa shi a ruwan da ya tafasa aka rage masa wuta, kamar minti 5 zuwa 7. Burodin a ɗora shi a kan madambaci ko kwando a bakin tukunyar na ɗan lokaci kaɗan, in ya daɗe zai yi danƙo. Albasa in ta cika zafi a jiƙa ta a ruwan sanyi, a tsane ta sosai kafin a zuba. Tumatir a zaɓi mai tauri, a yanka shi a tsaye don ya zauna a gefe. Mastad ana samunsa a manyan kantuna, kuma kwalba ɗaya tana daɗewa; in babu, ɗan matsin lemun tsami a kan albasar zai riƙe wurin tsamin, ko da yake ba zai kawo kaifin ba. A gurbin gishirin seleri na gwada yajin tsire, ɗan kaɗan a tsakanin yatsu biyu, kuma ƙuli-ƙulin da ke ciki da citta sun zauna da naman sa lafiya lau. A barbaɗa shi a kan tumatir ɗin, a ci tun burodin yana da ɗumi.